Yaushe Ya Kamata Ɗalibi Ya Zauna Jarrabawar JAMB?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yarinya 'yar shekara 15 da ke aji biyu na babbar sakandare, kuma malamanta suna yaba ƙoƙarinta. Wasu sun ce in yi mata rajistar JAMB, wato jarrabawar neman gurbin shiga jami'a, bana don ta saba, wasu kuma sun ce in dakata sai ta shiga aji uku. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar albarka. Shawarata ita ce ki dakata sai ta shiga aji uku, kuma dalilin yana cikin tsarin jarrabawar ne kansa.

Sakamakon JAMB na neman gurbin shekara guda ne kawai. Ko da ta ci maki 300 cikin 400 a bana, ba za a ajiye mata shi zuwa baɗi ba, kuma babu jami'ar da za ta ɗauke ta sai ta gabatar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, kamar WAEC ko NECO, wanda yawancin kwasa-kwasai ke neman kiredit biyar a cikinsa, har da Turanci da Lissafi. Ga kuma batun shekaru: a 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan ma'aikatar ilimi ta ambaci shekara 18, daga baya aka tsaya a kan 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Akwai ƙofar da aka bari ga masu hazaƙa ta musamman waɗanda ba su kai ba, amma ƙofa ce mai ƙunci, domin sharaɗin farko shi ne maki 320, sannan a yi musu ƙarin tantancewa.

Abin da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin rajista ba ce. Tambayoyin suna fitowa ne daga manhajar shekara uku, ita kuwa ba ta gama ta biyu ba. Yarinyar da ta saba zuwa ta ɗaya a ajinsu, idan saƙon waya ya shigo ta ga maki 170, za ta iya ɗauka cewa ƙwaƙwalwarta ce ta gaza, alhali darussan ne ba a kai gare su ba. Irin wannan karayar zuciya tana da wuyar gyarawa.

Ga ɗan aji uku, ana buɗe rajista a farkon shekara, a zauna jarrabawar wajajen Afrilu, kafin WAEC ta Mayu da Yuni da NECO da ke biye da ita. An yarda ɗalibi ya yi rajista a matsayin mai jiran sakamakon WAEC ko NECO, idan ya fito sai ya je cibiyar da hukumar JAMB ta amince da ita a ɗora masa a shafinsa. Kada a yi sakaci da wannan, domin yana hana gurbi ko makin ya yi kyau.

Wannan shekarar kuwa akwai aikin da ya fi jarrabawa amfani. Ku zauna da ita ku tsayar da kwas ɗin da take so, domin shi ke fayyace darussa ukun da za ta haɗa da Turanci. Mai son likitanci, alal misali, Biology da Chemistry da Physics za ta ɗauka. A yi mata lambar NIN tun yanzu, a duba cewa jerin sunayenta da ranar haihuwarta sun yi daidai da abin da makaranta za ta tura wa WAEC, domin harafi ɗaya da ya saɓa kan jawo zirga-zirgar watanni. Sannan ta saba da kwamfuta. Tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, yana kallon agogo na raguwa a allon, yakan ruɗe ya kasa amsa abin da ya sani sarai. Idan sabo ake nema, tsofaffin tambayoyi a gida tare da ƙayyade lokaci sun wadatar, sannan idan ta yi rajista baɗi ta zaɓi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa makonni kaɗan kafin ta ainihi.