Ƙanena mai cutar HIV ya yi wata guda yana tari, wai sanyi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena yana ɗauke da HIV, ya kusa shekara da barin magani. Yau mako huɗu yana busasshen tari, ko banɗaki ya zaga sai ya dawo yana haki. CD4 ɗinsa 80. Mai kemis ya ce sanyi ne ya shige shi, ya yi masa allurar kwana biyar, ba sauƙi. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kai shi asibiti yau ɗin nan.

Idan CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin jini, ya yi ƙasa da 200, tarin fuka muke fara zargi, don shi ya fi kashe masu wannan cuta a duniya. Akwai limoniyar bakteriya, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da majina mai kauri. Akwai kuma PCP, wata irin limoniya wadda fungas ke haddasawa. Busasshen tari da hakin da ke ƙaruwa sannu a hankali sun fi kama da ita.

Maganar sanyin nan kuwa ta ishe ni. Kullum sai an kawo mini mara lafiya naɗe cikin bargo, ƙirji ya sha man zafi, an hana shi ruwan randa, an kashe fanka, leɓɓansa har sun sauya launi. Ruwan randa bai taɓa zuba wa kowa ƙwayar cuta a huhu ba, haka ma hunturu. Garkuwar jiki ce ta faɗi, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa. Mai kemis da ko ƙirjin bai saurara ba, da me ya gane sanyi ne? Wasunsu ma levofloxacin, wani maganin kashe bakteriya, suke bayarwa, ya kwantar da tarin fuka na ɗan lokaci, gwaji ya rikice mana, ƙwayar kuma ta fara bijire wa magani. Su ƙara da dexamethasone, maganin kumburi mai danne garkuwar jiki, ya ƙarasa 'yar garkuwar da ta rage. Don Allah a ji tsoron Allah, rai ne fa.

A asibiti za a auna iskar da ke jininsa, a yi hoton ƙirji da gwajin majina na GeneXpert, da gwajin fitsari na LAM idan akwai, waɗannan biyun don neman tarin fuka. Ko majina ba ta nuna komai ba, tarin fuka na iya kasancewa. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin kula da tarin fuka da ake kira DOTS, ana shan sa wata 6. PCP kuma Septrin mai ƙarfi ake bayarwa, kwana 21.

Kada ya koma kan maganin HIV da kansa, likita zai tsayar da ranar. Ki tafi da kwalayen duk abin da aka ba shi. Allah ya ba shi lafiya.