Yaron da ya ƙi komai sai koko da shayi

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na karanta tambayarki a kan yaronki mai shekara 2 da wata 3, wanda tun da aka yaye shi ba ya karɓar komai sai koko da shayi da biredi, wani lokaci Indomie, in an kai masa tuwo ko wake baki ya tofar ko ya datse haƙora. Kin ce uwar mijinki ta ce a riƙa yi masa ɗura, wasu kuma sun ce ki sayo maganin cin abinci. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Ɗana na uku haka ya yi mana, bayan shi kuma na riƙe 'ya'yan 'yan uwa da aka kawo mini yaye, to abin da na gani da idona da wanda malaman asibiti suka koya mini shi zan faɗa miki.

Ɗura dai, don Allah kada ki yarda a yi masa. Kin san yadda ake yin ta: a kwantar da yaro a cinya, a matse ƙafafunsa, a tara hannu a bakinsa a zuba koko, a toshe hanci don ya haɗiye dole. Yaron da ke kuka yana neman numfashi hanyar iskarsa a buɗe take, kokon da ake so ya tafi ciki sai ya bi ta can ya sauka a huhu. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ga tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, a je asibiti a ce nimoniya ce, ba wanda zai tuna da ɗurar shekaranjiya. An yi asarar yara ta wannan hanya. Ko da Allah ya tsare bai shaƙe ba, akwai ɓarnar da ba a gani nan take. Cikin yaran da aka kawo mini, wanda aka saba yi wa ɗura ba ya ɓuya: da ya hango kwano zai kau da kai ya fara kuka tun bai san abin da ke ciki ba. Abincin ne kansa ya zama abin tsoro a wurinsa, kuma cire wannan tsoron ya fi koya masa cin wake wuya.

Iyayenmu ba mugunta ke sa su ɗura ba, tsoron kada yaro ya rame ne, don haka kada ki yi jayayya da Hajiya. Ki bar maigidanki ya yi mata maganar cikin ladabi, ko ku tafi awo tare da ita ta ji daga bakin malamar asibiti. Sannan ki ba ta aikin da ta fi kowa iyawa. Kaka da jika akwai wasa tsakaninsu, in ta zauna da kwanonta tana ci tana ce masa "maigidana ba za ka ɗanɗana girkin amaryarka ba?", sau da yawa abin da ya ƙi a hannunki zai karɓa a nata.

Wani abin da zai rage miki fargaba shi ne, raguwar ci a wannan shekarun ba baƙon abu ba ne. Jariri a shekararsa ta farko yakan ninka nauyin haihuwarsa sau 3, shi ya sa yake tsotso ba ji ba gani. Da ya wuce shekara 2, abin da yake ƙarawa a shekara guda bai wuce kilo 2 ko sama kaɗan ba, jikin ba ya neman abinci kamar da. A daidai lokacin ne kuma gudun sabon abinci ke shigar yara, yakan yi ƙarfi daga shekara 2 har wajen 6. Naki ga shi yaye ya haɗu da wannan, an raba shi da abin da ya fi saba da shi a duniya, sai ya riƙe koko da shayi domin su ne masu ɗumi da zaƙi da ake sha ba a tauna ba.

Yanzu ki zauna ki lissafa duk abin da ke shiga cikinsa daga asuba zuwa dare, ba abincin kwano kaɗai ba. Cikin yaro ƙarami ne, yana ɗaukar wajen mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato yaro mai kilo 11 kofi ɗaya da ɗan ɗori ya cika shi. In ya sha babban kofin shayi da safe, da hantsi yayarsa ta ba shi biskit, maƙwabciya ta miƙa masa alewa, babansa ya dawo da lemon kwali, ina tuwo zai sami wuri? A wurina nan matsalar ta fi yawa. Shayin ma yana da nasa laifin na daban: ganyen shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, ƙarancin jini kuma yana kashe sha'awar abinci, sai yaro ya ƙara komawa ga shayin. Ki janye ganyen a hankali har ya zama madara ce kawai da ruwan ɗumi da sukari kaɗan, madarar ma kada ta wuce rabin lita a yini, kuma a ba shi bayan abinci.

Ki tsara masa ci sau 3, da ɗan abin taɓawa sau 2 a tsakani, irin su ayaba ko gwanda ko kindirmo. A bar awa 2 zuwa 3 tsakanin wannan da wancan, ba a ba shi komai sai ruwa. In gidan yawa kike, wannan shi ne mafi wuya, domin kowa yana tausayinsa yana cewa ai bai ci komai ba. Sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya kin roƙe su. Ba horon yunwa ba ne, don kowane lokacin ci akwai abin da yake so a gabansa. Dama ce ake ba cikinsa ya nemi abinci da kansa.

Kokon kada ki ƙwace masa, da shi za ki fara. Tsararon koko yawancinsa ruwa ne, ki riƙa dama shi da kauri yadda ba zai zubo daga cokali da sauri ba. Bayan ya saba da kaurin ki sa markaɗaɗɗiyar gyada kaɗan, daga baya garin soyayyen waken suya, har ya kai irin haɗin nan na gero da waken suya da gyada da ake kira Tom Brown. Kowane canji ya zama ƙarami ƙwarai, kuma abu ɗaya a lokaci guda. Kada ki ɗura masa kaya da yawa a ɓoye rana ɗaya, in ya ji ɗanɗano ya sauya sosai zai iya barin kokon ma gaba ɗaya, ki rasa abin da kike riƙe da shi. Biredin da yake so ki shafa masa soyayyen ƙwai, ko ki ajiye ɗan romo kusa ya tsoma. Indomie kuma a rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a fasa ƙwai, a goga karas, daga nan hanyar taliya da shinkafa ta buɗe.

Abin da ya fi taimaka mini da nawa yaron shi ne lura da yanayin abincin a baki. Na daɗe ina kallon abin da yake ɗauka da wanda yake turewa, sai na gane duk abu mai yauƙi ko mai laushi ne ba ya so: miyar kuka, kuɓewa, tuwo, fate. Amma in ana kankare tukunya yana nan yana jiran ƙanzon shinkafa. Sai na bi ta nan. Na ba shi ƙosai, ya riƙa cin ɓawon yana yar da cikin, na ƙyale shi. Sannu a hankali ya fara cinye shi duka. Daga ƙosai muka je alale, tun da ɗanɗanon waken ya riga ya san shi, daga alale muka je wake da shinkafa. Soyayyar awara da soyayyen dankalin Hausa su ma ta wannan ƙofa suka shiga. Miyar kuka kuwa sai da ya kusa shiga makaranta ya karɓe ta, ban kuma matsa masa ba. Naki yana iya zama akasin haka, mai son laushi, sai ki fara da faten dankali ko kabewa da aka dafa ta yi luguf. Ki kuma duba yaji. Miyarmu ta manya attaruhu ya yi mata yawa ga bakin ɗan shekara 2, ki ɗebi tasa kafin ki zuba, ki bar ta ta huce sosai.

Yadda ake gabatar da sabon abu shi ne, ki sa loma ɗaya tak a gefen abin da ya saba ci. Tulin abinci yana razana yaro. Ki ajiye, ki ci naki a gabansa, kada ki ce masa komai a kai. Masana sun gano yaro yakan buƙaci ganin abu sau 10 zuwa 15 kafin ya yarda da shi, mu kuwa sau biyu in ya ƙi sai mu yanke cewa ba ya cin wake. In ya taɓa da yatsa, ci gaba ne. In ya sansana, in ya lasa, in ya sa a baki ya tofar, duk ci gaba ne, kada a tsawata masa. Ki wanke masa hannu, ki shimfiɗa tabarma, ki bar shi ya damalmala yadda yake so, wanki ya fi jinya sauƙi. Ya zauna cikin yayyensa domin yara da kwaikwayo suke koyon ci, amma da ɗan kwanonsa, don a tire ɗaya manyan za su cinye kafin ya yi loma biyu, ke ma ba za ki san abin da ya ci ba. Bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke kwanon ba faɗa ba roƙo, kada ki tashi dafa wani abu daban, a jira lokaci na gaba.

Ban yarda da kunna wa yaro waya ana cusa masa cokali ba. Zai haɗiye, amma bai ga abincin ba, bai san shi ba, gobe in babu waya an koma gidan jiya. Haka tsoratarwa da dodo ko allura, da alkawarin alewa in ya cinye. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo naman damo bai ci ba, ya ce ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa ba ya so. Wannan ya isa ya nuna mana ƙin abin da ba a saba da shi ba ɗabi'ar ɗan Adam ce. Manyan gida su ma su daina kushe abinci a gaban yaro, yana ji.

Ƙwai ki ba shi, maganar wai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Hanta kaɗan sau ɗaya a mako, dakakken busasshen kifi da aka tsince ƙayarsa, garin zogale a miya, ɗan manja, duk suna da amfani ga mai ci kaɗan. Gyada ƙwaya-ƙwaya da aya da dabino mai ƙwallo kuwa a nisanta su da shi, suna shaƙe yara.

Maganin cin abinci da ake saya a kemis, da yawansu sinadarin da ke ciki sunansa cyproheptadine, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana sa barci da kasala, kuma ba ya koya wa yaro son wake, shayin zai ƙara nema. Kada ki ba shi sai likita ya rubuta. In kuma wani ya ce beli ne a kai shi wurin wanzami, ki ƙi. Yanke beli yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga ciwon maƙogwaro da zai ƙara hana shi haɗiya.

Duk wannan da na faɗa na yaron da lafiyarsa ƙalau ne, yana wasa, yana guje-guje, nauyinsa yana hawa ko da a hankali. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan nauyin yaro idon uwar da ke cikin damuwa ba ya faɗa mata daidai, sikeli ne zai faɗa. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da katinsa, a auna nauyi, a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya daga santimita 11.5 zuwa 12.5 yana buƙatar kulawa, ja ƙasa da 11.5 tamowa ce mai tsanani, akwai abincinta na musamman da ake bayarwa. Ki roƙi a duba jininsa, a leƙa bakinsa ko akwai ƙuraje ko ruɓaɓɓen haƙori. Ki tambayi maganin tsutsar ciki, wanda ake fara bayarwa daga shekara 1, da bitamin A da ake ɗiga wa yara duk wata 6.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya ci ko ya sha, in yana yawan amai, in muryarsa tana gurgura bayan haɗiya, in ƙafafunsa biyu sun kumbura, in gashinsa ya yi ja yana zuba, in gudawa ta ƙi tsayawa, in abubuwan da yake ci suna raguwa maimakon ƙaruwa, ko kuma har yanzu ba ya tauna komai kuma magana ba ta fara zuwa ba, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, to wannan ya wuce ƙyuya, ki nemi likitan yara a babban asibiti.

In kin dawo daga awon ki faɗa mini nauyinsa na yanzu da na wata 3 da suka wuce, da kuma ko abu mai ƙarfi ya fi ɗauka ko mai laushi, sai mu ga abincin da ya kamata ki fara sa masa a gefen kokon. Allah ya raya mana shi.