Tambaya da Amsa: Wai me Benjamin List ya gano har aka ba shi Nobel?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kemistiri ce aji uku, malaminmu ya ambaci wani Bajamushe Benjamin List da ya ci Nobel a 2021 wai kan katalis, wato abin da ke hanzarta haɗin sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, mai fitar da gefe ɗaya na sinadari. Ni dai banga abin kai kawo ba tunda furolin ɗin da ya yi amfani da shi ai amino asid ne, a jikinmu ma akwai shi. Kuma shi kaɗai ya yi aikin ne? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. To ai wannan arahar da kika raina ita ce darajar aikin.

Kin dai san sinadarai da yawa tagwaye suke zuwa kamar takalmin dama da na hagu, komai nasu ɗaya amma wannan ba ya shiga ƙafar wancan, kuma jikin mutum yana bambance su sarai. Ki leƙa kemis ɗin unguwarku, ofloxacin haɗin gefe biyun ne, levofloxacin kuma gefe ɗaya aka ware, wanda ya fi kashe ƙwayar cuta. Kafin 2000 duk mai son katalis da zai fitar da gefe ɗaya kacal hanya biyu aka fi sani, ko enzayim, wato katalis na jikin halitta, ko ƙarfe irin su rodiyam, kuma a kan ta ƙarfen ne Knowles da Noyori da Sharpless suka ci Nobel a 2001, amma fa irin waɗannan ƙarafa tsada ne da su, wasu ba sa shiri da iska ko danshi ko kaɗan, sannan in magani ake haɗawa dole a bi a tsince ɓurɓushinsu kafin ya kai bakin mara lafiya.

List yana cibiyar Scripps a Kaliforniya yana aiki kan antibodi, wato furotin na garkuwar jiki, masu aikin enzayim sai ya ce to wai dole sai katafaren furotin gaba ɗaya, amino asid guda ba zai iya ba? Ya zuba furolin cikin asiton da aldihayid, haɗin aldol, wanda ke ɗaure sinadaran biyu su zama ɗaya, ya tashi, da wani aldihayid ɗin ma sakamakon ya kai kusan 98 na gefe ɗaya, 2 na ɗayan. Ba ƙarfe, ba guje wa iska, abu mai araha mara guba. Aka buga a 2000.

Batun ko shi kaɗai ne kuwa, a'a wallahi, kuma nan nake so ki tsaya sosai. Takardar 2000 ɗin sunaye uku ne a kanta, List da Richard Lerner da Carlos Barbas. Barbas ya ci gaba da faɗaɗa aikin furolin zuwa wasu haɗe-haɗen, sai dai ya rasu a 2014 kuma ba a ba mamaci Nobel, ni dai a ganina duk wanda zai koyar da wannan darasi bai kyauta ba in ya tsallake sunansa. Tun farkon shekarun 1970 ma Hajos da Parrish a kamfanin Hoffmann-La Roche, da Eder da Sauer da Wiechert a Schering, sun yi amfani da furolin a wani haɗi guda, aka bar shi nan kusan shekara 30 ba wanda ya ɗauke shi a matsayin hanya mai faɗi. A 2000 ɗin dai David MacMillan ɗan Sikotlan yana Berkeley ya fito da nasa katalis mara ƙarfe, ba tare suka yi ba, kuma da shi aka raba kyautar.

Tasirin kuwa ki duba Yujiro Hayashi a Japan, a 2009 ya haɗa oseltamivir, maganin murar nan Tamiflu, da katalis ɗin da aka ƙera daga furolin.

Furolin na da nasa rauni fa, da yawa ake zubawa, har kashi 30 cikin 100 a gwajin farko, masana'anta kuma ba ta son haka. Shi ya sa da List ya koma cibiyar Max Planck da ke Mülheim a 2003, inda ya zama darakta a 2005, shi da ɗalibansa suka juya ga wasu asid masu ƙarfi da ake kira IDPi, a 2018 suka nuna haɗin da katalis ɗin bai kai kashi 1 cikin miliyan ba. Yana kuma jagorantar wata tawaga a cibiyar ICReDD ta Jami'ar Hokkaido inda ake haɗa masu gwaji da masu lissafin kwamfuta don a hasaso katalis tun kafin a haɗa shi.

In za ki fara karantawa ki fara da ta 2000 ɗin, shafi biyu ce kawai, ki zana yadda furolin ke kama asiton ya zama inamin, wato sinadarin tsaka-tsaki da ke kama aldihayid ɗin, da hannunki, sai ki kai wa malaminku ya duba miki.