Babansa na son likita, shi kuma gareji ya sa a gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji uku na JHS, wato ƙaramar sakandare, bana zai rubuta BECE, jarrabawar shiga babbar sakandare. An ba su takardar zaɓen makaranta, babansa ya ce a cike masa kimiyya ya zama likita. Shi kuwa duk fankar da ta mutu a gidan nan sai ya kwance ta, ranar Asabar ma a garejin maƙwabcinmu yake yini. Ina tsoron ya ƙare cikin baƙin mai. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi.

Kada ku cike takardar nan da gaggawa. A kanta yaro ke zaɓar makaranta da fannin da zai yi shekara 3 yana karantawa, kwamfuta ta rarraba su bisa makinsu, kuma in ya shiga, canjawa sai da wahala. Maigida yana da gaskiyarsa, domin wanda bai yi kimiyya a sakandare ba, ƙofar likitanci kusan a rufe take gare shi. Amma ku zauna ku yi lissafi: shekara 3 a sakandare, 6 a jami'ar KNUST, sannan 2 na aikin horo a asibiti. Shekara 11 ke nan, in komai ya tafi daidai. Yaron da ransa ba ya wurin, wa zai riƙe shi tsawon wannan lokaci?

Na san abin da nake faɗa, don ni ma na yi wa ɗana na fari haka. Ina koyarwa a lokacin, sai na ga abin kunya ne ɗan malami ya zama fita, wato makanike. Na tura shi kimiyya da ƙarfi. Ya yi shekara uku yana jan ƙafa, sakamako ya fito ba daɗin gani, muka yi wata biyu ba ma haɗa ido a gida. Daga baya da ƙafarsa ya tafi Magazin ta Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya samu masta mai gyaran wutar mota. Ranar da na fara kai masa ziyara na tarar da shi ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, yana karanta lambobi da Turanci yana gaya wa mai motar abin da ke damunta, mastan nasa na tsaye yana sauraro. Na koma gida a turoturo, motar haya, ban ce uffan ba.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in kai shi ya ga aiki da idonsa. Yaranmu na Zango sana'ar da suka sani ita ce wadda ke ƙofar gida: tela, mahauci, direba, mai waake. Likita kuwa farar riga kawai suke hange. To ki nemi wata nas cikin dangi ko unguwa, ta zaunar da yaron naki ta gaya masa yadda aikin dare yake a asibitin Komfo Anokye, da jini, da wankin gyambo. Wata Asabar kuma a kai shi Magazin ya yini, ya ga masu walda da masu zuba ƙarfe da masu gyaran inji. Ya tambayi masta da bakinsa shekara nawa ake koyo, nawa ake samu a watan da kasuwa ta mutu, kuma me ya ci yatsan wancan mutumin.

In ya dawo har yanzu ƙarfe yake so, ba lallai ya bar boko ba. Akwai Kumasi Technical Institute, daga nan akwai Kumasi Technical University, wadda ake kira Poli kafin 2016. Tun 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce, makarantun koyon sana'a na gwamnati ma suna ciki. Ko kimiyyar da babansa ke so, in yaron ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, tana kai mutum ga injiniya. Ki gwada shigo wa maigida ta wannan ƙofa, bayan ya ci tuwo, ba a gaban yaron ba.

Ranar zuwa Magazin kuma ki lallaɓa baban ya bi su. A sa wa yaron tsohon wando.