Rediyon Motata Ya Kulle Bayan Sauya Batir

Tambaya: Na sauya batirin motata Honda Accord ƙirar 2005, 'yar Kwatano, sai rediyon ya daina aiki, yana nuna kalmar CODE kawai. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, rediyonka bai lalace ba. Kamfanin ya yi wannan kulle ne domin hana sata, kuma yana kamawa duk lokacin da wuta ta yanke wa rediyon, ko da ta hanyar cire batir ne. Lambobin sirri guda 5 ne ke buɗe shi. Ka fara duba littafin motar da ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, domin a nan aka saba ajiye katin ko liƙa takardar da ke ɗauke da su, ko da yake motocin da suka bi hannaye da yawa sukan iso babu su.

Idan ba ka samu ba, ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka danne maɓallan 1 da 6 tare, sannan ka kunna rediyon, zai nuna lambar shaidarsa. Da ita da lambar shasi dillalin Honda zai samo maka lambobin, waɗanda za ka shigar da maɓallan tashoshi.

Ina roƙonka kada ka yi canki-canka, domin bayan kuskure sau 10 sai ka bar rediyon a kunne na awa guda kafin ya sake karɓar wata lamba.