Tambaya da Amsa: Hans Walter da Tseren Kwale-kwale

Tambaya: Na ji an ce wani ɗan Suwizalan ya ci zinare sau biyu a tseren kwale-kwale na Olamfik. Wane ne, kuma yaya ake tseren? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Hans Walter ke nan. Ya ci zinare a gasar 1920 ta Antwerp, ya sake ci a Faris a 1924, duka a jirgin mutum huɗu mai jagora. A 1924 ɗin ma shi da abokansa sun ƙara da tagulla a jirgin huɗu marar jagora.

Nisan tseren mita 2000 ne. Matuƙa huɗu suna zama sun juya wa gaba baya, kowa da filafili ɗaya, biyu a dama biyu a hagu. Kujerar tana zamewa a kan ɗan dogo, don haka ƙafa ce ke fara turawa, sai baya, hannu a ƙarshe. Mai fara ja da hannu tun kafin rabin tafiya zai galabaita. Jagora shi kaɗai ke kallon gaba, yana juya akalar jirgin da igiya, yana ba da kiɗan tuƙi.

Babbar matsala ita ce filafili ya shiga ruwa a karkace. Sai ruwa ya riƙe shi, ƙotar ta daki cikin matuƙi, jirgi ya tsaya cik. Wani lokacin har ta wurga shi cikin ruwa.