Amsa ga Daktan da aka bai wa takardar tuhuma: kada ka rubuta "a yi min afuwa"

Assalamu alaikum. Dakta, ƙanina, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce an ba ka takardar tuhuma cewa ba a same ka a bakin aiki ba daren da kake da aikin kwana, har mara lafiya ya rasu, an ba ka awa 72 ka kare kanka, manya kuma suna ce maka ka rubuta ka ba da haƙuri magana ta mutu. Kana tambaya ko ka bi shawararsu, kuma ko lasisinka zai iya tafiya. Wallahi kamar tawa takardar nake karantawa, sunan ne kawai ya bambanta.

Kada ka rubuta ban haƙurin nan. In ka manta duk sauran abin da zan faɗa, riƙe wannan. Masu ba ka shawarar ba lalle mugunta suke nufi ba, mu nan Gombe fulaku ya yi mana yawa, babba ya yi magana sai a sunkuyar da kai. Amma fayil bai san fulaku ba. Ranar da ka rubuta "na yi kuskure, a yi min afuwa, ba zan sake ba", ka amsa laifi da hannunka, kuma barin wurin aiki ba izini yana cikin manyan laifuka a dokar aikin gwamnati, wanda hukuncinsa ke iya kai wa ga kora. Wanda ya ce maka magana za ta mutu ba zai kasance a ɗakin ba ranar da kwamiti zai ɗaga takardar ya ce ga rubutunka.

Ni abin da ya same ni, a wani babban asibiti ne na wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi suna ba. Damina ce. Mu biyu ne likitoci a takarda, ni da shugaban asibitin, amma a zahiri ni kaɗai ne, don shi daga Laraba ya shige cikin gari wurin asibitinsa na kuɗi sai Litinin. Kowa ya sani, har masu gadi. Daren nan ina ɗakin tiyata ina ciro jariri, aka kawo wata baiwar Allah da ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Na fito na same ta, na yi abin da zan iya, aka sa mata ruwa, aka yi mata allurar tsayar da jini. Jinin da za a ƙara mata babu. Mai ɗakin gwaji ya tafi da makulli. Janareta ba mai, da fitilar waya muke aiki. Motar asibiti na nan a ajiye, ita ma ba mai. Na rubuta takardar tura ta Gombe, danginta suka yi shatar mota, ta cika a hanya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ashe 'yar gidan wani babba ce. Kafin a yi sadakar uku magana ta kai sama, aka ce sai an fito da mai laifi. Shugaban asibitin nan, wanda nake rufa wa asiri, wanda nake cewa "ya ɗan fita" duk lokacin da masu duba aiki suka zo, shi ne ya zauna ya rubuta rahoto cewa an nemi likitan da ke kan aiki ba a gan shi ba. Shi ya miƙo min takardar tuhumar da hannunsa, a ofishinsa, yana shan shayi. Har yau ina ganin kofin nan. Ya ce min, "Dakta, kai yaro ne, rubuta layi biyu ka ba da haƙuri, ni zan kashe wutar daga sama." Yana faɗa yana murmushi. Mutumin da matata ta dafa wa abinci ranar sunan ɗana, ya ɗauki yaron ya yi masa addu'a. Washegari na je neman foldar marigayiyar, an ce ba a gan ta ba. Folda ta yi ƙafa! Kuma da aka kafa kwamitin farko, wa na tarar zaune a kujera ta biyu? Shi. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan bawan Allah, mu dai je zuwa. Ya yi ritaya da walima da kyaututtuka, in mun haɗu wurin ɗaurin aure har hannu yake miƙo min yana tambayar iyali.

Aka dakatar da ni da rabin albashi. Ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba, duk da kuɗin makarantar yara sai da yayana ya biya. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na shiga masallacin unguwa na ji hira ta yanke. Da ranar da mahaifiyata ta kira ni a waya, muryarta na rawa, ta ce, "An ce ka bar 'yar mutane ta mutu kana barci, gaskiya ne?" Na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi kuka kamar ba namiji ba. Don haka in kana jin abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace, ba kai ka fara ba. Ka faɗa wa matarka komai tun yau, kada ta ji a bakin maƙwabta.

To, me za ka rubuta? Labarin daren, da lokaci, tsaf. Ƙarfe nawa ka karɓi aiki, ina kake lokacin da aka kawo shi, wa ya kira ka, ta wace hanya, ƙarfe nawa ka iso, me ka yi, me babu a asibitin. Ba zagi, ba zargin kowa da suna in ba ka da shaida, ba "kamar yadda kowa ya sani". Ka ce kana jimamin rasuwar, wannan daban ne da amsa laifi. A ƙarshe ka nemi a ba ka kwafin duk rahoton da aka dogara da shi. Tsohuwar dokar ma'aikatan tarayya ta 2008 ta ce ba a amfani da takarda a kan ma'aikaci sai an ba shi kwafi ko an bar shi ya gani, kuma in an kira shaidu yana da damar yi musu tambaya. Ka nemi littafin dokar jiharku ka ga yadda abin yake a ciki, ba a hana kowa karantawa. Kada awa 72 ɗin nan ta wuce ka, shiru ana ɗaukarsa ba ka da abin cewa. Ka yi kwafi biyu, ka kai rajista, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kada ka bai wa masinja, kada ka bai wa shugabanka ya kai maka.

Ni abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, littafin ɗakin tiyata ne da littafin rahoton dare na nas. Wata dattijuwar ungozoma, Allah Ya saka mata da Aljanna, ta rubuta lokacin da na shiga tiyata da lokacin da na fito da lokacin da na ga mara lafiyar, da jan biro. Da ta ji folda ta ɓata sai ta kulle littafin a durowarta ta ce ba mai taɓa shi sai gaban kwamiti. Shi ya sa nake ce wa yaranmu masu raina nas-nas, ku shiga taitayinku. Ranar wuya ba babban likita ne zai tsaya maka ba, wadda ka ƙi gaisarwa da safe ce. Ka je yau ka duba jadawalin aiki na watan, da littafin kiran likita, da na tiyata in ka shiga. Ka adana jerin kiran da ke wayarka. Amma fa kada ka ƙara ko digo a folda, kada ka gyara lokaci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta mai da sauya bayanan mara lafiya laifi, har kwafar su ba izini ma laifi ne. A rubuce za ka nema. Kuma don Allah ka goge bayanin mamacin da ka sa a tambayarka, shekarunsa da ƙauyensu sun isa a gane shi.

Maganar lasisi kuwa, kwantar da hankalinka kaɗan. Hanya biyu ce ba ɗaya ba. Gwamnatin jiha ita ta ɗauke ka aiki, tana iya yi maka gargaɗi, ta hana ka ƙarin girma, ta rage maka mataki, ta kore ka. Amma ba ta da ikon cire sunanka daga rajistar likitoci. Wannan na MDCN ne, hukumar da ke rajistar likitoci a Najeriya. Sai wani ya kai ƙara can da takardar rantsuwa, kwamitin bincikensu ya nemi jin ta bakinka, in ya ga akwai abin amsawa sannan a tura ka kotun ladabtar da likitoci. Ita ce ke iya yi maka faɗa, ko ta dakatar da kai har wata shida, ko ta soke sunanka, kuma ko ita ana ɗaukaka ƙara a kanta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai dai ka lura, amsar da ka rubuta yau tana iya bin ka har can. Dalili na biyu ke nan na ƙin rubuta ban haƙuri.

Kada ka shiga kwamiti kai kaɗai. Ka kira shugabannin NMA, ƙungiyar likitoci ta ƙasa, reshen jiha, da na NAGGMDP, ƙungiyar likitocin asibitocin gwamnati, tunda kai ma'aikacin asibitin jiha ne. Na san abin da wasu za su ce a nan, ana cire mana kuɗi duk wata ba ma ganin komai sai sanarwar yajin aiki, ni ma na sha faɗa. Amma ranar da mutum biyu daga ƙungiya suka shigo bayana, salon tambayoyin ya canza nan take. Lauya ma ka gani tun yanzu, ko da ba zai bayyana ba, ya karanta amsarka kafin ka miƙa. Nawa ne ya nuna min sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kan jin ta bakin kowa, da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, inda ta rushe korar ɗalibai, daga cikin dalilai har da cewa wanda ya shugabanci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Da wannan muka rubuta cewa mai ƙara ba zai zauna alƙalanci ba, aka cire mutumin nan daga kwamiti. Ranar ban ga murmushin ba. In abu ya ɓaci gaba ɗaya, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ke jin irin wannan, kuma lauyoyi na gargaɗin kada a bari wata uku ya wuce daga ranar hukunci.

An wanke ni daga ƙarshe. Dokar tarayya ta ce a gama irin wannan bincike cikin kwana 60 in ba laifin kotu ba ne, nawa ya ninka haka ban san sau nawa ba. Rabin albashin da aka riƙe sai da na yi ta zarya ofis ofis kafin ya fito, ƙarin girma na shekarar ya wuce ni, abokan karatuna suka sha gabana. Ba wanda ya tambayi ina man janareta ya tafi, ba wanda ya tambayi mai makulli. Sannan a zo ana mamakin me ya sa yara ke tafiya Saudiyya da Ingila. Likita ɗaya ga ƙaramar hukuma guda, ba jini, ba wuta, in an mutu shi ne, in an rayu an gode wa mai girma da ya yi wa asibiti fenti.

Ka ce ranar Laraba aka ba ka takardar, ke nan lokaci ya kusa. Rubuta daftarin yau da daddare, ka turo min ta akwatin saƙona ba a nan ba, ka rufe sunan mamacin. Zan duba bayan sallar asuba in sha Allahu. In wani ya kira ka ya ce ku zauna a gyara a bayan fage, ka je da mutum, kuma kada ka sa hannu a komai a wurin.